Awon BMI da nauyin jiki: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

A asibitoci da yawa, kafin mutum ya ga likita sai nas ta sa shi ya hau sikeli, ta auna tsawonsa, ta rubuta wata lamba a kati kusa da haruffan BMI. Ba kasafai ake yi masa bayanin lambar ba. Wani sai ya koma gida hankali a tashe ba gaira ba dalili, wani kuma ya saki jiki alhali akwai abin dubawa. Ga tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin mutane game da wannan awo.

Mene ne BMI, kuma yaya ake lissafa shi?

Lissafi ne da ke kwatanta nauyin mutum da tsawonsa. Ka auna nauyinka da kilo, ka auna tsawonka da mita. Ka ninka tsawon da kansa, sannan ka raba nauyin da abin da ka samu. Mutumin da ke da kilo 70 da tsawon mita 1.70, zai ninka 1.70 sau 1.70 ya samu 2.89, ya raba 70 da 2.89, amsa ta fito 24.2. Wannan ita ce lambarsa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen tsawo. Yawancinmu da ƙafa da inci muka san tsawonmu, wasu kuma ƙiyasi kawai suke yi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka ƙafa 5 da inci 7 ya kama mita 1.70. Kuskuren santimita biyar kaɗai yana iya sauya maka rukuni: mai kilo 70 ɗin nan, in ainihin tsawonsa 1.65 ne, lambarsa 25.7 ce ba 24.2 ba. Saboda haka a cire takalmi da hula ko ɗankwali mai tudu, a jingina da bango, a ɗora littafi a ka, a yi alama, a auna da tef.

Wace lamba ce ake cewa daidai?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba manya kamar haka: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 nauyi ne madaidaici, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya ɗara ƙima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin matsalar lafiya. Ita ma ƙibar hawa-hawa ce, mafi tsananinta daga 40 zuwa sama. A ɗaya gefen, wanda ya gaza 16 ramarsa ta yi tsanani.

In an mayar da shi kilo ya fi sauƙin fahimta. Mace mai tsawon mita 1.60, madaidaicin nauyinta yana tsakanin kilo 47 da 64, ƙiba kuma tana farawa daga wajen kilo 77. Namiji mai mita 1.75, tsakanin kilo 57 da 76, ƙiba daga wajen kilo 92. Iyakokin iri ɗaya ne ga maza da mata, duk da cewa a lamba ɗaya jikin mace ya fi na namiji kitse a halitta.

Kada a ɗauki waɗannan iyakoki kamar wani abu na faruwa a jiki da zarar an tsallake su. Mai 24.8 da mai 25.2 kusan halinsu ɗaya. Haɗarin ciwo a hankali yake hawa, iyakokin kuwa mutane ne suka zauna suka yanke don sauƙin aiki. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauke iyakar nauyin da ya ɗara ƙima daga wajen 27 zuwa 25, sai miliyoyin mutane suka wayi gari a sabon rukuni ba tare da sun ƙara ko kilo guda ba.

Wa ya ƙirƙiro wannan lissafi?

Wani masanin lissafi da taurari ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830. Ba likita ba ne, kuma ba ƙiba ce damuwarsa ba. So yake ya gano siffar matsakaicin mutum a cikin al'umma, sai ya lura nauyin baligi yana tafiya ne da tsawonsa in an ninka shi da kansa. Sunan da ake kiran lissafin da shi yanzu ya fito ne a 1972 daga Ancel Keys, masanin abinci da lafiyar zuciya a Amurka. Shi da abokan aikinsa sun duba maza sama da 7,000 daga Amurka, Finlan, Italiya, Japan da Afirka ta Kudu, suka ga a cikin lissafe-lissafen nauyi da tsawo wannan ne ya fi kusantar nuna yawan kitse. Babu mace ko ɗaya a wannan bincike. Tun asali, awo ne da ya fi dacewa da nazarin jama'a masu yawa fiye da yanke hukunci a kan mutum guda.

To in da jikin Turawa aka fara gina shi, mu ya shafe mu?

Ya shafe mu, kuma ba ta inda mutane suke zato ba. Da yawa suna cewa ai baƙar fata jikinsa ya fi ƙarfi, don haka zai iya ɗaukar nauyi fiye da Bature ba tare da wata illa ba. Abin da aka gani game da ciwon suga akasin haka ne. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya bi bayanan lafiyar mutane kusan miliyan ɗaya da rabi a Ingila, ya nuna haɗarin ciwon suga da Bature yake kaiwa a lamba 30, baƙar fata yana kai shi tun a wajen 28, 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangladash kuwa tun a wajen 24. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sauke iyakoki ga 'yan asalin Asiya, Gabas ta Tsakiya da baƙaƙen Afirka: daga 23 nauyi ya ɗara ƙima, daga 27.5 ƙiba ce.

A asibitocin Najeriya da Nijar iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya ake bi, kuma su ne na rubuta a sama. Shawarata ita ce wanda ya kai 27 ko 28, musamman in akwai mai ciwon suga ko hawan jini a danginsu, kada ya jira sai ya cika 30 kafin ya je a gwada masa jini.

Ni ɗan kokawa ne, jikina duk tsoka, amma lissafin ya ce na yi nauyi. Ƙarya yake yi?

A kanka, ƙwarai yana iya yin kuskure. Sikeli yana faɗin nauyin buhu ne, ba ya faɗin gero ne a ciki ko tsakuwa. Tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya, don haka ɗan kokawa, ɗan dambe, ɗan dako ko maƙerin da ke wuni da guduma zai iya kai 27 ko 28 cikinsa a shafe, kuma lafiyarsa lau.

Sai dai wannan uzuri na masu aikin ƙarfi ne na gaske. Mai zaman ofis ko shago da ya kai 31 ya ce shi ƙashi ne da shi mai nauyi, ya sani bambancin nauyin ƙashi tsakanin mutum biyu masu tsawo ɗaya bai wuce 'yan kiloli kaɗan ba. Haka ma tsohon ɗan wasan da ya daina atisaye bai rage ci ba: nauyin yana nan, amma abin da ke cikinsa ya sauya. Tef ɗin tela shi ke raba wannan gardama.

Lambata 23 ce amma ina da teɓa. Ina cikin haɗari?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su riƙa yi, domin a nan BMI ya fi gazawa. Ba duk kitse ne ɗaya ba. Wanda ke taruwa a cinya da ɗuwawu illarsa da sauƙi. Wanda ke taruwa cikin ciki, ya lulluɓe hanta da hanji, shi ne mai hana jiki amfani da sinadarin insulin, mai daidaita suga a jini, yadda ya kamata, ya jawo ciwon suga, hawan jini, kitse a hanta da ciwon zuciya. Mutum zai iya zama siriri a hannu da ƙafa, lambarsa daidai, amma cikinsa ya yi gaba, kuma haɗarinsa ya fi na wani mai 27 da ƙugunsa bai da faɗi.

Ga yadda ake aunawa. A tsaye, a ɗaga riga, a nemo tsakiya tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, wato ɗan sama da cibiya kaɗan. A saki numfashi kamar kullum, kada a tsuke ciki, a zagaya tef ba tare da matsewa ba. Ba inda wando yake zama ake aunawa ba, domin mai teɓa a ƙarƙashinta yake ɗaura wando. Ga namiji, haɗari yana fara hawa daga santimita 94, ya yi yawa daga 102, wato inci 37 da inci 40. Ga mace, 80 da 88, wato wajen inci 31 da rabi da kusan inci 35.

Akwai ƙa'idar da ta fi wannan sauƙin riƙewa: zagayen ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Ko tef ba ka da shi, ka sami zare ka yanke shi daidai tsawonka, ka ninke biyu, ka zagaya cikinka. In bakunan ba su haɗu ba, akwai aiki a gabanka.

Ina da ƙiba tun ina budurwa, kuma ban taɓa kwanciya a asibiti ba. Me ya sa za a ce ina da matsala?

Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ne akwai masu ƙiba da in an gwada jininsu da sugansu sai a ga komai daidai. Amma hawan jini da ciwon suga kan yi shekaru a jiki ba su nuna alama ba, don haka jin garau ba hujja ba ce sai an gwada. Sannan akwai abubuwan da ake ɗauka na yau da kullum ne alhali nauyi ne ke jawo su: ciwon gwiwa da baya, haki in an hau bene, munshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, rikicewar al'ada da jinkirin samun ciki. Ki riƙa gwada hawan jini da suga ko da sau ɗaya a shekara.

A wurinmu wannan magana tana da wuyar faɗa, saboda ƙiba yabo ce. In amarya ta cika ta yi ɓul-ɓul sai a ce mijinta yana kula da ita, in magidanci ya ajiye teɓa sai a ce kuɗi sun zauna. Ban ga laifin mutanen da suka ga fari da yunwa ba in sun ɗauki cikar jiki alamar rufin asiri. Amma zamanin da ake daka, ake jan ruwa a rijiya, ake tafiya gona da ƙafa ya wuce ga mazauna birni da yawa, abinci kuma ya koma farar shinkafa, taliya, burodi, mai da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990.

Wanda ya gaza 18.5 fa?

Shi ma abin dubawa ne, kuma a ƙasarmu bai kamata maganar ƙiba ta danne shi ba. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya ɗara ƙima ko suna da ƙiba, kashi 12 kuma suna da rama. Matsalolin biyu suna tare a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya. Mace mai rama ta fi fuskantar haifar jariri maras nauyi, kuma jiki mai rama ya fi saurin faɗawa hannun cuta da jinkirin murmurewa.

A bambance siranta ta gado da rama sabuwa. Wanda duk gidansu sirara ne, yana ci, yana aiki da ƙarfinsa, nauyinsa bai sauya ba shekara da shekaru, galibi ba shi da damuwa. Wanda kuwa yake zubewa ba tare da ya nemi hakan ba, wannan zancen asibiti ne.

Ina so in yi ƙiba kafin bikina. Ƙawayena sun ce in sha maganin sha-ka-fashe. Akwai illa?

Akwai, kuma babba. Abin da ake sayarwa da wannan suna galibi magunguna biyu ne, ko a ware ko a haɗe. Ɗaya maganin ƙaiƙayi ne da mura, siproheptadin, mai buɗe ciki da sa barci. Ɗayan kuwa, deksametason ko ɗan'uwansa firednisolon, shi ne mai haɗarin gaske. Magani ne mai amfani a hannun likita, amma in aka ɗauki makonni ana sha sai ya tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da bayan wuya, hannuwa da ƙafafu kuma su sirance don yana cinye tsoka. Yana ɗaga suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana sa fata ta yi nankarwa, yana karya garkuwar jiki, yana rikita al'ada. Cikar da ake gani a madubi a makonnin farko, yawancinta kumburi ne.

In kin riga kin daɗe kina sha, kada ki yanke shi rana ɗaya. Jiki kan daina samar da nasa sinadarin in ana ba shi daga waje, yankewa farat ɗaya na iya sa mutum ya faɗi jinya mai tsanani. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita, ki faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina sha, ya tsara miki yadda za ki rage a hankali.

Sannan ki lissafa lambarki tukuna. 'Yan mata da yawa da ake yi wa gorin rama lambarsu 20 ce ko 21, wato lafiyayyen nauyi. In kuma da gaske kin gaza 18.5, hanyar ƙaruwa ita ce abinci mai gina jiki a kai a kai: wake, ƙwai, gyaɗa, nono, kifi, awara, kunun gyaɗa tsakanin abinci.

Mai ciki za ta iya amfani da shi?

A'a. Nauyin ciki ba a sa shi cikin wannan lissafi. Lambar da mace take da ita kafin ta ɗauki ciki ita ake dubawa don sanin nawa ya kamata ta ƙaru. Ƙa'idar da cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta fitar a 2009, wadda ake bi a wurare da dama, ta ce mai madaidaicin nauyi ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16, mai rama 12.5 zuwa 18, wadda nauyinta ya ɗara ƙima 7 zuwa 11.5, mai ƙiba kuma 5 zuwa 9. Lokacin ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. In nauyi ya hau kwatsam tare da kumburin fuska da hannu, ciwon kai ko ganin dishi-dishi, a garzaya asibiti ba tare da jiran ranar awo ba, domin alamun da ke gabatar jijjiga ke nan.

Zan iya lissafa wa yarana?

Lissafin ɗaya ne, amma iyakokin manya ba sa aiki a kan yara. Yaro ɗan shekara shida mai lamba 15 lafiyarsa ƙalau, alhali babba mai 15 yana cikin tsananin rama. Ma'aikatan lafiya suna ɗora lambar yaro ne a kan jadawalin girma na shekarunsa da jinsinsa.

Ga 'yan wata 6 zuwa wata 59, awon damtse ya fi saurin gano tamowa. Tef ne mai launi uku: ja ƙasa da santimita 11.5, tamowa mai tsanani ke nan, rawaya daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, kore daga nan zuwa sama. A kula da kumburi, domin yaro mai tamowa da ƙafafunsa suka kumbura zai iya yin nauyi a sikeli har a ɗauka ƙiba ya yi. A danna saman ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In ramin ya tsaya bai cike ba, a kai shi asibiti a ranar.

Tsofaffi fa?

Da tsufa tsoka tana zubewa, tsawo yana ɗan raguwa, sai lambar ta rage faɗin gaskiya. Ga dattijon da ya haura 65, ramewa da raunin ƙafa sun fi ɗan ƙarin nauyi zama abin tsoro. Kada a takura wa tsoho da hana shi abinci don lambarsa ta nuna 26.

Me ya sa nauyina da safe daban, da dare daban?

Ruwa da abinci ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka bambancin kilo ɗaya ko biyu a wuni ba komai ba ne. A riƙa aunawa da safe kafin karin kumallo, da sikeli ɗaya, da kaya marasa nauyi. Sau ɗaya a mako ya isa. Ɗan abin da ake ragewa a watan azumi ma yawanci yakan dawo cikin makonni bayan salla.

Lambata 33. Dole sai na koma 24 kafin in ga amfani?

Ko kusa. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka yana sauke hawan jini da suga ta yadda za a gani a gwaji. Ga mai kilo 100, kilo 5 zuwa 10 ke nan. Wani babban gwaji a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya ɗauki mutanen da suke dab da kamuwa da ciwon suga, aka sa wa wasunsu burin rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 idan an kwatanta da waɗanda ba a sa su cikin wannan tsari ba.

Minti 150 ɗin nan tafiya ce mai sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, kuma matar da ba ta fita tana iya yin ta a tsakar gida. Wajen abinci, a fara da abin sha, domin ta nan suga ke shiga ba a ji ba: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na suga da madarar gwangwani, zoɓo da kunun aya da aka cika wa zaƙi. Sai a rage malmalar tuwo ko tulin shinkafa, a ƙara miyar ganye, wake, zogale, rama da kabeji, a rage soye-soye da yawan dunƙule. Ba sai an bar abincin gida an koma na kanti ba. Tuwon dawa da miyar kuka sun fi burodi da taliyar leda alheri.

Shayin rage teɓa da ake tallarsa a intanet kuwa, yawancinsa maganin zawo ne ko na fitsari. Ruwa yake fitarwa, sikeli ya sauka kwana biyu, kitse yana nan inda yake, wani lokaci a bar mutum da matsalar ƙoda ko hanta.

In awon yana da wannan naƙasu haka, me ya sa likitoci ba su watsar da shi ba?

Saboda ba ya cin kuɗi, kowa zai iya yinsa da sikeli da tef, kuma a kan yawancin mutane yana faɗin gaskiya, musamman in lambar ta yi sama sosai ko ta yi ƙasa sosai. Da wuya a sami mai 38 da tsoka ce ta kai shi. Abin da likitoci suka dawo daga rakiyarsa shi ne dogaro da shi shi kaɗai. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta yanke cewa a riƙa haɗa shi da wasu awon kamar na ƙugu. A Janairun 2025 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa da mujallar Lancet ta kafa ya ba da shawarar a tabbatar da yawan kitse ta wani awo na biyu, sannan a bambance wanda ƙibarsa ta riga ta taɓa aikin gaɓoɓinsa da wanda ba ta taɓa ba tukuna.

Yaushe ne ya zama dole in ga likita?

In lambarka ta kai 30, ko ta gaza 18.5, ko ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, ka je a gwada maka hawan jini da suga, in da hali har da kitsen jini. In kana ramewa ba da niyya ba, har ka rasa kashi 5 cikin ɗari na nauyinka cikin wata shida zuwa shekara, kada ka tsaya sayen maganin ƙarin jini a kemis. Tarin fuka, ciwon suga, cutar ƙanjamau, matsalar maƙoƙo da ciwon daji duk suna iya farawa da haka, musamman in akwai tarin da ya wuce mako biyu, zufar dare, yawan ƙishirwa ko yawan fitsari. Haka kuma in nauyi ya hau cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko ciki da haki, wannan ruwa ne yake taruwa, kuma zuciya, ƙoda da hanta ake dubawa.